Tallafin Kayan Tsimin Wuta: Yadda Kuɗin Gwamnati Ke Gyara Kasuwa Ko Ya Ɓata Ta

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin kowane magidanci da kowane mai sana'a a ƙasar nan ya sauya. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce Naira 1,000. A watan Afrilu na 2024 kuma, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta awa 20 a rana, daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225, kafin daga baya a ɗan sassauto da shi.

Sakamakon haka, kayan da ke aiki da wuta kaɗan, irin su ƙwan lantarki na LED da fanka da firiji da na'urar sanyaya ɗaki masu tsimi, har da murhu mai tsimin itace da gawayi, sun tashi daga kayan alatu sun koma kayan bukata. Ba abin mamaki ba ne da ake jin kiraye-kiraye cewa gwamnati ta ɗebi wani kaso na kuɗin da ta huta da biya a kan mai, ta tallafa wa jama'a su sayi irin waɗannan kaya. Kiran yana da hujja, amma kafin a buɗe baitulmali ya kamata a tsaya a duba abin da tallafi ke yi wa jerin hannayen da kaya ke ratsawa daga masana'anta zuwa mai saye, abin da masana tattalin arziki ke kira sarƙar samar da kaya. Tarihin shekaru 20 da suka wuce ya nuna cewa yawan kuɗin tallafi ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin da ke gyara kasuwa ko ya ɓata ta shi ne inda aka zuba kuɗin, da tsawon wa'adin shirin, da kuma yadda aka janye shi.

HANNAYEN DA KAYA KE RATSAWA

Ƙwan LED guda da ake saye a shagon unguwa ya isa misali. Ana ƙera ƙwayar da ke ba da haske a wata masana'anta, ana haɗa ɗan allon da ke daidaita wuta a wata, sannan a harhaɗa su da roba da gorar ruwa a ƙananan masana'antu, waɗanda da yawansu suna garin Guzhen da ke lardin Guangdong na ƙasar Sin. Daga nan mai shigo da kaya ya nemi dala, ya biya, ya jira kwantena ta iso Apapa ko Tin Can, ya sallami kwastan, ya sauke a kasuwar Alaba. 'Yan sari na Sabon Gari a Kano da na Anacha da Aba su ɗauka, su rarraba wa masu shaguna, daga nan kayan su kai ga mai gyaran wuta da magidanci.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana ɗaure jarinsa na tsawon makonni ko watanni, bisa hasashen abin da kasuwa za ta ja a gaba. Mai masana'anta yana sayen inji ne bisa hasashen shekaru, mai shigo da kaya yana odar kwantena bisa hasashen watanni uku ko huɗu, mai shago kuma yana cika kanta bisa hasashen makonni. Da zarar gwamnati ta ambaci tallafi, wannan hasashe ne take taɓawa tun kafin ta fitar da kobo ɗaya. Idan ta faɗi gaskiya kuma ta dore, jari zai shigo. Idan ta yi alƙawari ta saɓa, ko ta tsayar da shiri ba zato ba tsammani, asarar tana faɗawa kan wanda kaya ke hannunsa a ranar.

Tilas ne kuma a tuna cewa tsohon tallafin makamashi shi kansa ya yi shekaru yana danne wannan kasuwa. Ƙwan zare mai wat 60 da ƙwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne, bambancinsu wat 51. Idan ana kunna ƙwai awa 5 a kowace rana, abin da LED zai tsimta a wata ya ɗan haura yunit 7 da rabi. A kan farashin Naira 68, wannan bai fi Naira 520 ba, amma a kan Naira 225 ya haura Naira 1,700. Ke nan ƙwan da a da sai ya yi watanni kafin ya mayar da kuɗinsa, yanzu yana iya mayarwa cikin ɗan lokaci. Haka lissafin yake ga mai ƙona fetur a janareta. Muddin wuta da mai suna da arha ta ƙarya, mai saye ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi don kaya mai tsimi, kuma ɗan kasuwa ba shi da dalilin ajiye shi a shago.

Sai dai wannan lissafi yana aiki ne ga mai mita kaɗai. A ƙarshen 2024, fiye da rabin masu rajista da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita, ana kawo musu takardar biya ta ƙiyasi. Wanda zai biya kuɗi iri ɗaya ko ya yi tsimi ko bai yi ba, babu tallafin da zai sa ya damu da yawan wutar da firijinsa ke sha.

TALLAFI A TUSHE

Arhar ƙwan LED da ake gani yau a kasuwannin ƙasar nan tana da asali a tallafin da wata gwamnati ta bayar a nata ƙasar. Tsakanin 2009 da 2011, hukumomin wasu biranen Sin, irin su Yangzhou da Wuhu, sun riƙa biyan kamfanoni har yuwan miliyan 10 a kan kowane injin ƙera ƙwayar LED da suka saya, injunan da a lokacin daga Jamus da Amurka ake shigo da su. Kamfanoni suka yi rububin saye fiye da bukatar kasuwa, ƙwaya ta yi yawa, farashi ya karye a duniya baki ɗaya. Wasu kamfanonin sun durƙushe, amma waɗanda suka tsira sun mamaye kasuwar. Irin wannan ne ya faru a fannin farantan hasken rana, inda Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa Sin ce ke da fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera su.

Ga mai saye a Nijeriya, wannan alheri ne da bai biya kuɗinsa ba, domin mai biyan haraji a Sin ne ya ɗauki nauyin. Ga mai son kafa masana'anta a Kano ko Legas kuwa, katanga ce mai wuyar tsallakewa, domin zai yi gogayya da wanda aka saya wa inji, aka ba shi fili da bashi mai sauƙin ruwa. Daɗin daɗawa, farashin da aka gina a kan tallafin wata ƙasa yana hannun wannan ƙasar. A watan Disamba na 2024, gwamnatin Sin ta rage harajin da take mayar wa masu fitar da farantan hasken rana da batura daga kashi 13 zuwa kashi 9 cikin 100. Ba a nemi shawarar ɗan kasuwar Alaba ba, amma irin wannan mataki a kan takardar odarsa yake ƙarewa.

TALLAFI MAI GAJEREN WA'ADI

Hanyar da gwamnatoci suka fi so ita ce rage wa mai saye farashi na wani ɗan lokaci, domin ita ce ake gani da ido kuma take daɗin faɗa a rediyo. A watan Mayu na 2009, Japan ta fara ba da maki masu darajar kuɗi ga duk wanda ya sayi talabijin ko firiji ko na'urar sanyaya ɗaki mai tsimin wuta, shirin da ya ƙare a watan Maris na 2011. Shirin ya zo daidai da lokacin da ƙasar ke shirin daina tsohon tsarin watsa talabijin, saboda haka a 2010 an sayar da talabijin wajen miliyan 25. A 2012 adadin ya faɗo zuwa wajen miliyan 6 da rabi. Jama'a sun gaggauta sayen abin da da ma za su saya a shekaru masu zuwa, kuma manyan kamfanoni irin su Sharp da Panasonic, waɗanda suka zuba jari a masana'antun allon talabijin, sun tafka asara mai yawa a shekarun da suka biyo baya.

Abin da ya faru a Ostireliya ya fi wannan muni. A 2009 gwamnatin ƙasar ta fara biyan har dalar Ostireliya 1,600 don shimfiɗa abin tare zafi da sanyi a rufin gidaje. Sana'ar da 'yan ɗaruruwan kamfanoni ke yi ta wayi gari da dubban masu rajista, da yawansu ba su da horo. Masana'antun gida suka kasa biyan bukata, aka shiga shigo da kaya daga waje, har da marasa inganci. An yi wa gidaje fiye da miliyan ɗaya aiki, amma matasa 4 sun rasa rayukansu a bakin aiki, kuma an samu gobara a gidaje fiye da 200. A watan Fabrairu na 2010 aka soke shirin dare ɗaya, aka bar 'yan kasuwa da sito cike da kayan da babu mai saye, har waɗanda suka shekara da shekaru suna sana'ar cikin gaskiya.

Ko rashin tabbas kaɗai ya isa ya yi ɓarna. A Jamus an sayar da na'urorin ɗumama gida masu tsimin lantarki 356,000 a 2023, gwamnati kuma tana burin a kai 500,000 a kowace shekara. Masana'antu suka faɗaɗa bisa wannan buri. Amma doguwar muhawara a kan dokar ɗumama gidaje da sauye-sauyen ƙa'idojin tallafi sun sa magidanta suka dakata su ga inda za a tsaya, ga kuma farashin iskar gas da ya sauko. A 2024 abin da aka sayar bai wuce 193,000 ba, kamfanoni suka koma rage wa ma'aikata lokutan aiki. A Amurka ma, rangwamen harajin da dokar 2022 ta tanadar wa masu gyara gidajensu don tsimin makamashi, wanda aka ce zai kai shekaru 10, wata doka ta watan Yuli na 2025 ta yanke shi a ƙarshen wannan shekarar. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: idan ƙasashe masu ƙarfin baitulmali suna sauya magana haka, ɗan kasuwar da ya dogara da alƙawarin tallafi a ƙasa mai ƙarancin kuɗin shiga ya san matsayinsa.

RABON KYAUTA DA KWANGILA

Nijeriya tana da nata darasin. A watan Nuwamba na 2014, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar Naira miliyan dubu 9 da miliyan 200 don sayen murhu 750,000 masu tsimin makamashi da jakunkunan dafuwa 18,000, da nufin raba wa matan karkara kyauta. Manufar tana da kyau, musamman ga jihohin Arewa da sarar itace ke ƙara wa kwararowar hamada. Amma shirin ya ƙare cikin taƙaddama tsakanin ma'aikata da ɗan kwangila, ba tare da ya cimma burinsa ba. Ko da a ce an raba murhun gaba ɗaya, tambaya tana nan: wa zai gyara shi idan ya lalace, kuma a wane shago za a sayi na biyu? Rabon kyauta ta hannun ɗan kwangila guda yana tsallake maƙeri da ɗan sari da mai shago, kuma yana koya wa mai saye ya jira gwamnati. Mai ƙera murhu a cikin gida ba zai iya gogayya da farashin kyauta ba, ko da kuwa kyautar a takarda ta tsaya.

Wannan ba ya nufin rabon kyauta ba ya taɓa yin amfani. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har ƙasar Gana ta shiga matsalar wuta, gwamnatinta ta raba ƙwayayen lantarki miliyan 6 masu tsimi, tana karɓar tsofaffin ƙwayaye masu zare. An ƙiyasta cewa hakan ya rage bukatar wuta a lokacin da aka fi jan ta da megawat 124, kwatankwacin ƙaramar tashar lantarki. Abin da ya bambanta Gana shi ne ba ta tsaya a nan ba. A 2008 ta kafa dokar hana shigo da ƙwan zare, baya ga tilasta manna takardar taurari da ke nuna yawan wutar da kaya ke sha. A 2012 ta fara ba da rangwame ga wanda ya kawo tsohon firiji ya sayi sabo mai tsimi, ta hannun shagunan da suka yi rajista, sannan a 2013 ta hana shigo da firiji na hannu. Rabon ya zama mabuɗin ƙofa, doka ta riƙe ƙofar, kuma mai shago ya samu rabonsa a cikin shirin.

DARASIN INDIYA

Misalin da ya fi dacewa masu tsara manufofi a Abuja su nazarta shi ne na Indiya. A watan Janairu na 2015 aka ƙaddamar da shirin da daga baya aka sa wa suna UJALA, a ƙarƙashin kamfanin gwamnati mai suna EESL. Kamfanin bai ɗebi kuɗin baitulmali ya rage farashi ba. Abin da ya yi shi ne tara bukatar miliyoyin gidaje wuri ɗaya, ya fitar da takardun neman kwangila a fili, masana'antu su yi takara a kan farashi bisa ƙa'idar inganci da aka gindaya, tare da garantin shekara 3. A wasu jihohi magidanci yana biyan rupi 10 ya karɓi ƙwai, sauran kuɗin a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan a takardar wutarsa. Farashin da kamfanin ke sayen ƙwai ɗaya ya faɗo daga rupi 310 a 2014 zuwa rupi 38 a 2016, kuma an rarraba ƙwayaye fiye da miliyan 360. Da masana'antu suka ga oda mai girma kuma tabbatacciya, suka faɗaɗa, farashin kasuwa ma ya bi sahu ya sauko.

Shirin bai rasa aibi ba. Takarar farashi ta matse ribar masana'antu, an samu koke-koke a kan inganci, kuma yawancin kayan cikin ƙwan daga waje ake shigo da su, harhaɗawa kawai ake yi a gida. Wannan ya sa a 2021 gwamnatin Indiya ta ware rupi miliyan dubu 62 da ɗoriya don saka wa kamfanonin da ke ƙera kayan cikin ƙwan LED da na na'urar sanyaya ɗaki a cikin ƙasar, gwargwadon abin da suka ƙera suka sayar. Tsarin matakan shi ne abin lura: an fara da gina kasuwa, aka bi da harhaɗawa, sannan aka nufi ƙera kayan ciki.

HUJJOJIN ƊAYA ƁANGAREN

Masu goyon bayan tallafi kai tsaye suna da hujja mai ƙarfi. Talaka yana sayen mai arha ne domin kuɗin da ke hannunsa yau, ko da ya san zai fi kashewa gobe. Darajar Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a watan Mayu na 2023 zuwa fiye da 1,500 a watan Fabrairu na 2024, abin da ya ninka farashin duk wani kaya na waje. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27 da rabi cikin 100 a ƙarshen 2024, saboda haka bashin banki ya fi ƙarfin mai shago, balle magidanci. A irin wannan hali, cewa a bar kasuwa ta yi aikinta tamkar cewa ne a bar talaka da tsohon firiji mai shan wuta. Wannan gaskiya ne, amma abin da take nunawa shi ne matsalar tana wajen biyan farko. Maganinta bashi ne mai sauƙi da biya kaɗan-kaɗan, wanda ke dawowa a sake juya shi, maimakon rangwamen da zai ƙare ranar da kasafin kuɗi ya ƙare.

Akwai kuma masu cewa a rufe ƙofa domin masana'antun gida su tashi. A watan Maris na 2025, Ministan Ƙirƙira da Kimiyya da Fasaha na lokacin ya ambaci shirin hana shigo da farantan hasken rana, maganar da ta tayar da hankalin masu sana'ar. Burin ƙera kaya a gida buri ne na gari, amma hani kafin masana'antun gida su iya biyan bukata yana ɗaga farashi ne, ya kuma buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri hanya, kamar yadda aka sha gani a kan wasu kayayyaki a iyakokin ƙasar nan. Ita kanta sanarwar, ko ba a aiwatar ba, tana sa mai kaya ya ɓoye, mai oda ya dakata.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, mita ita ce tallafin da ya fi kowane amfani ga wannan kasuwa, domin ita ce ke mayar da tsimi ya zama kuɗi a aljihun magidanci. Duk kuɗin da aka kashe a kan rangwamen kaya alhali jama'a da dama suna kan ƙiyasi, kaso mai yawa daga cikinsa ya tafi a banza.

Na biyu, ƙa'idar inganci ta riga tallafi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa tana da ma'aunai a kan ƙwan lantarki da firiji da na'urar sanyaya ɗaki, amma ma'auni a takarda ba ya hana ƙwan da aka rubuta wa wat 15 alhali bai kai ba ya shigo kasuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai shigo da kaya mai kyau ba zai iya tsayawa kusa da mai jabu ba, kuma magidancin da ƙwai ya mutu masa cikin mako biyu ba zai sake yarda da maganar tsimi ba.

Na uku, idan za a ba da tallafi, a biya bayan aiki, ta hannun 'yan kasuwa da yawa. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta riga ta gwada wannan tsari, inda ake biyan kamfani bayan an tabbatar ya kafa wa gida na'urar hasken rana, kuma shirin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2023 a kan irin wannan turba yake. Ana iya faɗaɗa tsarin zuwa firiji da fanka da injin ban ruwa da murhu, muddin biyan ba zai riƙa makara ba, domin jinkirin biya shi ma haraji ne a kan ƙaramin kamfani.

Na huɗu, gwamnati ita ce babbar mai saye a ƙasa. Idan makarantu da asibitoci da barikoki da sakatariyoyi za su tara bukatarsu ta ƙwai da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a fitar da ita a fili na tsawon shekaru, masu harhaɗawa a gida za su samu abin da za su nuna wa banki. Na biyar, kowane shiri ya zo da ranar ƙarewarsa da jadawalin raguwarsa tun ranar farko, haka ma harajin kwastan a kan waɗannan kaya ya tsaya wuri ɗaya na wasu shekaru, a kuma sa na kayan haɗi ya yi ƙasa da na kayan da aka gama.

Su kuma 'yan kasuwa, akwai tambayoyin da ya kamata su yi kafin su ɗaure jari a kan kowane shiri: yaushe zai ƙare, wa zai biya, bayan kwana nawa, kuma kayan zai sayu a farashinsa na gaskiya ranar da babu tallafi? Idan amsar ta ƙarshe a'a ce, to a taƙaita oda. Ya kamata kuma masu ajiyar tsohon ƙwan tsimi mai lanƙwasa su sani cewa ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya, sun amince a daina ƙera shi da shigo da shi daga ƙarshen 2025 saboda sinadarin makuri da ke cikinsa, dogon ƙwan fulorasan kuma zuwa 2027. Jarin da ya dace ya karkata ne zuwa LED, da kayan gyara, da horar da masu gyara, domin nan ne riba mai ɗorewa take bayan guguwar tallafi ta wuce.

Janye tallafin mai da ƙarin kuɗin wuta sun jefa jama'a cikin ƙunci, amma sun haifar da bukata ta gaskiya ga kayan tsimi, irin wadda wasu ƙasashe suka kashe maƙudan kuɗi kafin su samu. Aikin da ya rage wa gwamnati shi ne ta sauƙaƙa wa wannan bukata hanya da mita da ƙa'ida da bashi da oda tabbatacciya. Idan kuwa abin da za a yi shi ne wata sabuwar kwangilar rabon kyauta da za a tsayar bayan shekara guda, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.